Labarin Ƙauye Ɗaya Mai Hukuma Biyu A Ƙasar Jamus

Jama'a, in an ambaci Jamus a zauren ɗan kasuwa, abin da kan fara zuwa a rai shi ne mota, da injuna, da tashar jiragen ruwa ta Hambok inda a ke sauke koko. To, a wannan fitowa za mu bar manyan birane, mu kai ku wani ɗan ƙauye wanda mutanensa duka, yaro da babba, ba su fi hamsin ba. Sunansa Mödlareuth, a baki kuwa a kan faɗe shi kamar Medlaroit. Gidajensa ba su kai na lungu guda a zongon Kumasi ba, amma yana ƙarƙashin magajin gari biyu, da majalisa biyu, da jiha biyu. Abin da ya raba shi kuwa wani ɗan rafi ne wanda yaro mai ƙarfin ƙafa zai tsallake da tsalle ɗaya.

Mun zaɓi labarinsa ne domin mu mutanen zongo, da fatauci ya kawo kakanninmu, mun san iyaka fiye da kowa. Mun san tsayuwa a bakinta da kaya, ana jujjuya takardu. Wannan rafi iyaka ne tun shekaru wajen ɗari biyar da suka wuce, har yau kuma iyaka ne. Amma a cikin wannan dogon zamani, shekara arba'in da 'yan kai ne kaɗai ya zame wa mutane azaba. Ku biyo mu ku ji yadda aka yi.

Inda Ƙauyen Ya Ke

Mödlareuth yana kusan tsakiyar hanya tsakanin Balin da Munik, kamar kilomita 300 zuwa kowanne. Garin Hof yana kudu da shi, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a mota. Ƙasar tuddai ce da kwaruruka, da dazuzzukan wani irin itace mai ganye kamar allura, wanda ba ya kaɗewa ko da hunturu. Sanyin wurin ya yi suna, har Jamusawa da kansu su kan yi wa yankin Hof ba'a, su ce Sibiriyar Bavariya. Ƙasa ba ta da ƙarfi ƙwarai, saboda haka abin da a ke yi shi ne sha'ir, da dankalin Turawa, da ciyawar shanun madara. Mutanen gundumar Hof ma suna alfahari cewa a wani ƙauyensu, Pilgramsreuth, aka fara shuka dankalin Turawa gona guda a Jamus, wajen shekarar 1647.

Kun lura sunayen nan biyu sun ƙare da "reuth". Ma'anarsa sassabe, watau wurin da aka sare daji aka yi gona. Kamar yadda mu kan ce Tungar wane ko Sabon Zongo, wanda ya ji sunan ya san yadda aka kafa wurin, haka su ma. Manoma ne suka shiga daji da gatari, suka zauna.

Rafin sunansa Tannbach. Daga ƙauyen ya kan gangara ya faɗa kogin Saale, Saale ya faɗa kogin Elbe, Elbe kuwa shi ne ya ratsa Hambok ya shiga teku. Gidajen da ke gefe ɗaya na rafin suna jihar Bavariya, na ɗaya gefen suna jihar Turingiya. In ka ɗan taɓa tafiya gabas kuma, sai ka tarar da dutsen da ke nuna mahaɗar waɗannan biyu da ta uku, watau Saksoni.

Zamanin Sarakuna

A dā Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce. Masarautu ne barkatai, manya da ƙanana, kowane sarki da tutarsa da harajinsa. Tun ƙarni na 16 aka yanka cewa Tannbach shi ne iyaka tsakanin ƙasar sarakunan Bayreuth da ta gidan Reuss. A 1810, zamanin Napoliyon na Faransa, ƙasar Bayreuth ta koma hannun Sarkin Bavariya, sai aka kakkafa duwatsu a bakin rafin. A fuska ɗaya an sassaƙa KB, watau Masarautar Bavariya, a ɗaya fuskar FR, watau ƙasar Yariman Reuss.

Gidan Reuss ɗin nan suna da wata al'ada mai ban dariya. Duk ɗa namiji da aka haifa a gidan, Heinrich a ke raɗa masa, sai dai a bambanta su da lamba, har a kan sami na sittin da wani abu. Ku dubi wahalar marubutan tarihinsu.

To, me wannan iyaka ta hana mutanen ƙauyen? Kusan ba kome. Makaranta da gidan da maza ke taruwa da dare su yi hira suna gefen Reuss, kowa kuwa can ya ke zuwa. Majami'arsu tana Töpen, wani ƙauye a gefen Bavariya, kowa can ya ke zuwa ran Lahadi. Ƙungiyar waƙarsu ɗaya ce. Ana auratayya, ana aron garma. Sai ranar biyan haraji kowa ya tuna sarkinsa. Ko kuɗin fito da ke damun fatake an ɗauke shi tun 1834, sa'ad da Bavariya da ƙananan masarautun Turingiya suka shiga yarjejeniyar kwastan guda tare da Furusiya. A 1871 Jamus ta haɗu ta zama daula ɗaya. A 1918, bayan an ci su a yaƙi, sarakunan duka suka sauka, a 1920 kuma aka tattara ƙananan masarautun aka yi jihar Turingiya. Duk wannan juyi, rafi yana nan, ana tsallake shi da safe a komo da yamma.

Bayan Yaƙin Hitila

A 1944, tun yaƙi bai ƙare ba, wakilan Ingila da Amurka da Rasha suka zauna a Landan, suka shimfiɗa taswira, suka yanka wa kowa yankin da zai riƙe in an ci Jamus. Ba su tsaya auna gonaki ba, tsofaffin iyakokin jihohi suka bi. Bavariya ta faɗa rabon Amurka, Turingiya rabon Rasha. Ba mu tsammanin ko ɗaya daga cikin masu zaman nan ya taɓa jin sunan Mödlareuth.

Dattawanmu ba za su yi mamakin wannan ba. A 1899, a Landan ɗin dai, Ingila da Jamus suka raba ƙasar da ke tsakanin yankunansu a arewacinmu, Salaga ta faɗa wa Ingilishi, Yendi ta faɗa wa Jamus, ƙasar Dagomba ta rabu biyu ba a tambayi kowa ba. Shekara 45 bayan haka sai aka auna wa Jamusawa da mudun da suka auna wa wasu.

Sojan Amurka ne suka fara isa yankin a watan Afrilu na 1945, suka mamaye har Turingiya. A farkon Yuli suka ja da baya bisa ga alkawari, Rashawa suka shigo. Rashawan ma da farko ƙauyen duka suka riƙe, har da gefen Bavariya, sai a 1946 suka koma bayan rafi. A 1949 aka kafa ƙasashe biyu, Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas mai bin Kwaminisanci. Ɗan rafin da agwagi ke wanka a ciki ya zama iyakar manyan rundunoni biyu na duniya.

Da farko mai takardar izini ya kan iya ƙetarewa. A watan Mayu na 1952 gwamnatin Gabas ta rufe iyakarta da Yamma, mai tsawon kusan kilomita 1,400. Ga yadda aka tsara. Mita 10 na bakin iyaka aka share, aka riƙa bi da garma domin sawun duk wanda ya taka ya fito. Bayansa mita 500 da ba mai shiga sai da izini na musamman. Bayan wannan kuma kilomita 5 da aka hana baƙi. Gidajen Mödlareuth na gefen Gabas duka suna cikin mita 500 ɗin nan. A tsakiyar ƙauyen aka kafa shingen katako da ya fi tsayin mutum.

A watan Yuni na wannan shekara aka bi ƙauyukan bakin iyaka ana kwashe duk wanda hukuma ba ta amince da shi ba, a loda shi da iyalinsa da abin da ya samu ɗauka, a kai shi can cikin ƙasa. Dubban mutane aka tasa haka. Sunan da 'yan sandan ciki suka ba wannan aiki a takardunsu ma'anarsa "ƙwari", kun ji irin kallon da su ke yi wa talakawansu. A Mödlareuth ma an kwashe waɗansu gidaje. Akwai wani gidan niƙa da ke daidai bakin rafin. Da mutanen gidan suka ga an zo ɗaukarsu, sai suka dira ta taga suka faɗa gefen Bavariya, suka bar kome. Daga baya aka rushe ginin.

Shinge ya yi ta sauya kama. Aka cire katako aka sa waya mai ƙaya, aka cire wannan aka sa wani. A 1961 aka gina katangar Balin da kowa ya ji labarinta, a 1966 kuwa aka yi wa Mödlareuth tata, ta kankare, tsawonta mita 700, tsayinta ya ɗara mita 3, watau kusan ƙafa 11. Aka yi hasumiyar masu gadi, aka sa fitilu da ke ci har gari ya waye. Sojan Amurka da ke sintiri a gefen Yamma suka raɗa wa ƙauyen suna Ƙaramar Balin, sunan kuwa ya bi shi.

Gwamnatin Gabas ta ce wai don tsare ƙasa daga abokan gaba aka yi. Amma duk wanda ya dubi ginin ya san inda aka sa ido, gama tarkon duka cikin gida ya fuskanta. Tsakanin 1949 da 1961 mutum fiye da miliyan biyu da rabi suka gudu daga Gabas zuwa Yamma, yawancinsu masu jini a jika da masu sana'a. Abin da aka so tsayarwa ke nan.

Zaman Bayan Katanga

Yanzu ku duba abin da ya sami mutum hamsin ɗin nan. Yaran gefen Bavariya suka rasa makarantarsu. Mutanen gefen Turingiya suka rasa majami'arsu. Wa da ƙane suna jin carar zakaran juna, ba su iya gaisawa, domin an hana mutanen Gabas ko ɗaga hannu ga wanda ke ƙetare. Wanda ya ke so ya ziyarci ɗan'uwansa da ke nesan jifa, sai ya nemi izini tun da wuri, ya yi doguwar tafiya ya zaga ta ƙofar da hukuma ta buɗe, sa'an nan ma ba lalle a bar shi ya shiga ƙauyen ba, sai dai a sadu a wani gari a waje da yankin da aka hana. Ko dangin da ke cikin Jamus ta Gabas ɗin kanta, ba su zuwa suna ko jana'iza sai da takarda.

Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne yadda aka yi da hukumar gari. A 1952 ɗin nan dai gwamnatin Gabas ta soke jihohi, ta yanyanka Turingiya larduna uku, Erfurt da Gera da Suhl, gefen Mödlareuth ya faɗa lardin Gera. Akwai magajin gari, akwai majalisa, a kan kuma yi zaɓe. Amma takarda ɗaya a ke miƙa maka da sunayen da jam'iyya ta riga ta jera, aikinka ka ninke ka jefa a akwati. Wanda ya shiga bayan labule don ya soke wani suna, an gan shi. Umurni daga sama ya ke zuwa, magajin gari mai isar da saƙo ne kurum. Gonaki ma, zuwa 1960 an matsa wa manoman ƙasar duka sun zuba nasu cikin gonakin haɗin gwiwa. Saboda haka ranar da aka zo da motocin kankare za a toshe musu hanya, babu wani zaure a ƙasar da mutumin ƙauyen zai shiga ya ce bai yarda ba, ya kuma kwana a gidansa.

Mutum ɗaya tak aka sani ya haye katangar Mödlareuth ya tsira. A 1973 ne, wani direba da aikinsa ya ba shi izinin shiga yankin. Ya tuƙo motarsa har gindin katangar, ya ɗora tsani a kan rufinta, ya haye kafin masu gadi su farga.

Gefen Yamma akwai 'yanci, amma 'yan kasuwa su ji wannan. Hof gari ne na masaƙu, cinikinsa kuwa tun dā da Saksoni da Turingiya ya ke. Da aka rufe iyaka sai ya zama gari a ƙarshen hanya, arewa katanga, gabas kuma iyakar Cekoslobakiya, ita ma a rufe. Hanyoyi da yawa suka mutu, ciyawa ta cinye su. Samari suka yi ta tafiya Munik da Nurembag neman aiki. Sai da gwamnatin Yamma ta riƙa ba yankunan bakin iyaka taimako da sauƙin haraji, har ta yi doka a kan haka a 1971. Abin da Mödlareuth ta samu a madadin ciniki shi ne 'yan kallo. Motoci su kan zo cike da mutane, su tsaya su leƙa katanga, su ɗauki hoto, su tafi. Har George Bush babba ya zo a 1983, sa'ad da ya ke mataimakin shugaban Amurka.

Ranar Da Aka Huda Ta

A 1989 al'amura suka juya. A watan Mayu aka yi zaɓen hukumomin gari a Gabas, waɗansu masu ƙarfin hali suka tsaya a rumfuna suna ƙirga ƙuri'a da kansu, suka nuna cewa adadin da gwamnati ta faɗa ƙarya ne. Ku lura, a kan zaɓen ƙananan hukumomi ne asirin ya fara tonuwa a fili. Ran 1 ga Oktoba jiragen ƙasa ɗauke da dubban mutanen Gabas da suka fake a ofishin jakadan Jamus ta Yamma a Prag suka iso tashar Hof. Ran 9 ga Nuwamba aka buɗe katangar Balin.

Ta Mödlareuth ba ta buɗe ran nan ba. Manya suna ta murna a birni, an manta da ƙauye. Sai da mutanen gefen biyu suka matsa, sa'an nan ran 9 ga Disamba, wata guda cur bayan Balin, aka huda ƙofa ta masu tafiya da ƙafa. Ran 17 ga Yuni na 1990 aka kawo motar haƙa ta ture mafi yawan katangar. Ba a banza aka zaɓi ranar ba, gama ran 17 ga Yuni na 1953 ne ma'aikatan Gabas suka yi bore aka murƙushe su da tankokin Rasha. A watan Mayu na 1990 mutanen Gabas suka yi zaɓen hukumomin gari na farko da kowa ya zaɓi wanda ya so. Ran 3 ga Oktoba ƙasashen biyu suka haɗe, jihar Turingiya kuma ta dawo.

Yadda A Ke Mulkinsa Yanzu

Mai karatu zai zaci da aka haɗe ƙasa sai aka haɗe ƙauyen. Ba a haɗe shi ba. Rafi ya koma abin da ya ke a dā, iyakar jiha da jiha. Domin ku gane, sai mu bayyana muku hawa-hawan mulkin Jamus.

A sama akwai gwamnatin tarayya a Balin. Ƙarƙashinta jihohi 16, kowace da majalisarta da firimiyanta, su ke riƙe da makarantu da 'yan sanda. Ƙarƙashin jiha akwai gunduma, mai shugaba kamar hakimi, sai dai a waɗannan jihohi biyu zaɓensa a ke yi, ba naɗi ba. Gunduma ke kula da manyan hanyoyin karkara, da asibiti, da kwasar shara, da lambar mota. A ƙasa duka kuma akwai hukumar gari, wadda su ke kira Gemeinde. Sashe na 28 na tsarin mulkin ƙasar ya ba ta ikon gudanar da al'amuran garinta da kanta, muddin ba ta saɓa doka ba. Ruwan sha, da magudanai, da titunan cikin gari, da inda za a yi gini da inda ba za a yi ba, da wurin renon yara, da 'yan kwana-kwana, duk nata ne. 'Yan kwana-kwanan ƙauye kuwa ba ma'aikata ba ne, manoma ne da makanikai da 'yan tireda, in ƙararrawa ta kaɗa kowa ya ajiye aikinsa ya sheƙo.

Mödlareuth ta yi ƙanƙanta ta zama hukuma da kanta. Gefen Bavariya unguwa ce ta Töpen, mai mutum kamar dubu ɗaya, a gundumar Hof. Gefen Turingiya unguwa ce ta garin Gefell, wanda bai kai mutum dubu uku ba, a gundumar Saale-Orla mai hedkwata a Schleiz. Magajin gari biyun da muka faɗa tun farko ke nan. Kowannensu jama'a ke zaɓensa kai tsaye, ya yi shekara 6. 'Yan majalisar gari kuwa a Bavariya shekara 6 su ke yi, a Turingiya 5. A Turingiya ɗan shekara 16 yana jefa ƙuri'a a zaɓen gari, a Bavariya sai ya cika 18. Watau yara biyu da aka haifa rana ɗaya, gidajensu na kallon juna, ɗaya ya riga ɗaya zaɓe da shekara biyu.

Akwai wata dabara ta Bavariya da ta burge mu. A shekarun 1970 jihar ta rage hukumomin garinta daga wajen 7,000 zuwa 2,000 da 'yan kai. Waɗanda suka rage amma ba su da ƙarfin ɗaukar akawuna da ma'aji na kansu, ba a kashe su ba, sai aka ce su haɗa ofis. Töpen da maƙwabtanta uku, Feilitzsch da Gattendorf da Trogen, ofishinsu ɗaya ne a Feilitzsch, amma kowanne da magajin garinsa da majalisarsa da asusunsa. Kamar fatake huɗu ne su yi shatar mota ɗaya, kowa da kayansa da ribarsa, kuɗin mota kaɗai a ke rabawa.

Doka kuma ta ɗora wa magajin gari a Bavariya ya kira taron jama'a aƙalla sau ɗaya a shekara, ya tsaya a gabansu a yi masa tambayoyi. Zaman majalisa a buɗe ya ke, mai so ya shiga ya saurara, sai in ana maganar da ta shafi asirin wani. Tun 1995 ma, in majalisa ta yanke abin da jama'a ba su so, su kan tara sa hannu, a kai maganar akwatin ƙuri'a, abin da ya fito kuwa ya ɗaure majalisa. A ganinmu wannan shi ne babban bambanci tsakanin rafin 1966 da rafin yau. Duwatsun iyaka ba su gusa ko taki ɗaya ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu mai gona yana da inda zai kai ƙara, wanda zai kai wa kuwa yana tsoron ƙuri'arsa.

Kuɗi fa? Hukumar gari tana samun kashi 15 cikin ɗari na harajin albashin mutanenta, tana karɓar harajin filaye da gidaje, da harajin kasuwanci, ga kuma abin da jiha ke ba ta. Har kare a kan biya masa haraji kowace shekara, kamar jangali. Harajin kasuwanci shi ne mai maiƙo, majalisar gari kuma ita ke yanka nauyinsa, saboda haka garuruwa su kan yi gasar jawo masu jari. A Töpen ne hedkwatar Dennree ta ke, wani babban kamfanin sarin abincin da aka noma ba da takin zamani ko maganin feshi ba. Ƙauyen da dā ya ke ƙarshen hanya, yanzu yana tsakiyar ƙasa, kusa da babban titin Munik zuwa Balin, manyan motoci na fita daga cikinsa dare da rana. Harajin gida ma ya bambanta a gefen biyu. Tun 2025 Bavariya faɗin fili da faɗin gini ta ke aunawa, Turingiya kuwa darajar gidan ta ke dubawa.

Da ya ke da yawanmu muna da 'ya'ya da jikoki a Hambok da sauran biranen Jamus, ga matsayin baƙo a wannan tsari. Duk wanda ya sauka a gari, Bajamushe ne ko baƙo, wajibi ne ya kai sunansa ofishin hukuma cikin mako biyu, da takarda daga mai gidan da ya sauke shi. Wannan bai yi nisa da al'adarmu ba, inda mai gida ke tsaya wa baƙonsa a gaban Sarkin Zongo. Baƙo zai biya haraji daidai da kowa, 'ya'yansa su shiga makaranta. Amma ƙuri'ar zaɓen gari ta Jamusawa ce da 'yan ƙasashen Tarayyar Turai kaɗai. Ɗan Gana ko ɗan Nijeriya, ko ya shekara ashirin yana biyan harajin kasuwanci, ba shi da ita sai ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 2024 ta rage jiran zuwa shekara 5 ga wanda ya cika sharuɗɗa, ta kuma yarda mutum ya riƙe fasfonsa na asali. Wanda ɗansa ke can yana jinkiri, ya kamata ya aika masa da wannan.

Sauran bambance-bambancen na yau da kullum ne. Motar gefen Bavariya lambarta ta fara da HO, ta gefen Turingiya da SOK. Lambar gidan waya biyu ce, lambar tarho biyu. Hutun makaranta na bazara ba ya zuwa tare, na Turingiya ya kan riga. Ran 31 ga Oktoba ranar hutu ce a Turingiya, mutanen Bavariya na wurin aiki. Kashegari, 1 ga Nuwamba, sai Bavariya ta huta, Turingiya ta fita aiki. Har gaisuwa an ce ta bambanta, gefe ɗaya su gaisa da sunan Allah irin ta mutanen kudu, ɗayan su ce barka da rana.

Ana iya sauya iyakar jiha in jihohin biyu suka yi yarjejeniya, an kuwa yi haka a kusa. A 1992 waɗansu garuruwa, irin su Mühltroff da Pausa, suka bar Turingiya suka koma Saksoni, domin can ne asalinsu. Ta Mödlareuth an bar ta yadda ta ke. An dai bar guntun katanga, kamar mita 100, da hasumiyar gadi, aka yi gidan tarihi a wurin, wanda hukumomin gefen biyu ke ɗaukar nauyinsa tare. Dubun-dubatar baƙi ke zuwa kowace shekara, da yawansu 'yan makaranta ne da aka haifa bayan 1990. A 2015 gidan talabijin na ZDF ya nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Tannbach da aka gina bisa labarin ƙauyen, 'yan kallo suka ƙaru. Filin da dā a ke bi da garma don ganin sawu, tun daga teku a arewa har kusa da Hof, yanzu an bar shi ga tsuntsaye da namun daji, masu yawo da keke suna bin hanyar kankaren da motocin masu gadi suka bari.